Kafin Ka Kwashe Iyali Zuwa Karkara: Yadda Ake Zaɓen Wurin Zama Gabanin Ritaya

TAMBAYA

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, saura shekara huɗu in yi ritaya. Tsadar birni ta ishe ni, kuma na san fansho ba zai riƙe ni a nan ba. Ina so in mayar da iyalina karkara tun ina karɓar albashi, in riƙa noma da kiwo. Ina da mata da 'ya'ya shida, biyu suna sakandare, auta kuma yana firamare. Zuciyata ta rabu uku: ƙauyenmu inda muke da gonar gado, ko wani gari da aka ce ƙasa tana da araha, ko kuma gefen wani babban gari. Ina da ɗan gida a Kaduna da nake tunanin sayarwa in yi gini a can. Ta ina zan fara?

AMSA

Malam, ka yi dabara da ka taso da wannan magana tun albashi yana shigowa. Ma'aikaci ya san ranar barin aikinsa tun da wuri, domin ƙa'ida ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman makaranta ne dokar 2022 ta ƙara musu zuwa 65 ko 40, a inda aka soma aiki da ita. Duk da haka da yawa sai takardar sallama ta iso hannu suke fara neman inda za su sa kai.

Abubuwa biyu ne suka fi ruɗar masu irin niyyarka: begen ƙauyen ƙuruciya da arahar fili. Ƙauyen da ka bari shekara talatin da suka wuce ya sauya, kai ma ka sauya. Fili kuwa ba ya araha a banza, akwai abin da masu wurin suka sani wanda baƙo bai sani ba. Shawarata ita ce ka zaɓi wurin da zai dace da kai kana ɗan shekara 75, ido ya rage, gwiwa ta yi nauyi, ba ka iya tuƙin dare. Ka kuma zaɓi wurin da maiɗakinka za ta iya ci gaba da zama da yara cikin rufin asiri idan Allah Ya ɗauki ranka kafin nata. Da wannan ma'auni za ka auna sauran abubuwan, kuma ga su bisa jerin muhimmancinsu. Farashi shi ne na ƙarshe.

TSARO

Wannan ne ya kamata ya fara fitar da wasu wurare daga lissafinka gaba ɗaya. Garuruwan da ke bakin manyan dazuzzuka, irin su dajin Rugu a yammacin Katsina da dajin Kamuku a Birnin Gwari, da sassan Zamfara da gabashin Sakkwato da yankin Shiroro a Neja, sun sha fama da 'yan bindiga shekara da shekaru. An kwashe ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, a Jangebe a Fabrairun 2021, a Kuriga a Maris na 2024. A wasu ƙauyuka manomi ba ya shuka ko girbi sai ya biya haraji ga mutanen daji. Ko an yi sulhu an samu lafawa, kada ka kai 'ya'yanka su zama zakaran gwajin dafi.

Dillali ba zai gaya maka gaskiyar tsaro ba, shi ma ɗan garin da ke son ka zo yakan sassauta magana. Ka je tasha ka tambayi direbobi ƙarfe nawa motar ƙarshe take tashi, kuma me ya sa. Ka bincika ko malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suna kwana a garin ko kullum sai sun koma birni. Ka ji ko hakimi yana kwana a gidansa. Ka tambaya ko an noma gonakin nesa da gari bara, an kuma kwaso amfanin lafiya. Amsoshin nan sun fi duk wani rahoto.

Ka kuma tuna cewa tsohon ma'aikaci ba ya ɓoyuwa a ƙaramin ƙauye. Ginin bulo, mota a ƙofar gida, da jita-jitar an biya shi kuɗin sallama, sun isa su sa masu kai rahoto ga ɓarayi su sa masa ido. Gida a tsakiyar jama'a ya fi gidan gona shi kaɗai a bayan gari, komai kyansa.

ASIBITI

Shekarun ritaya su ne shekarun hawan jini, ciwon sukari, riƙewar fitsari da shanyewar ɓarin jiki. Waɗannan ba su jiran gari ya waye. Kada ka auna nisan asibiti da kilomita, ka auna shi da lokacin da za a ɗauka a kai mara lafiya ƙarfe biyun dare cikin watan Agusta, ruwa yana zuba. Idan ya wuce rabin awa zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma, ko ya wuce awa biyu zuwa asibitin ƙwararru irin na Malam Aminu Kano, ko na koyarwa da ke Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, to wurin ya yi wa tsoho nisa.

Ganin gini da allo bai isa ba. Ka shiga ka tambaya: akwai likita mai kwana? Ana tiyatar haihuwa? Ana ƙarin jini? Akwai iskar numfashi? Idan yankin macizai ne, akwai allurar dafi? Kububuwa tana kashe manoma sosai a sassan Gombe da Taraba da Filato, shi ya sa aka keɓe asibitin saran maciji a Kaltungo. Ka duba kuma inda za ka riƙa sayen maganinka na wata-wata, domin jabun magani ya fi yawo inda babu kantin magani mai rajista. Mai allurar ciwon sukari yana bukatar wurin sanyi da zai ajiye ta, ka ga maganar wuta ta shigo ke nan. Sannan ka je ofishin inshorar lafiyar da kake ciki ka ji ko za ta ci gaba da ɗaukar nauyinka bayan ritaya, da kuma ko za a iya mayar da rajistar iyalinka wani asibiti kusa da sabon gida.

RUWA: RASHINSA DA YAWANSA

Kowane ƙauye kyakkyawa ne a watan Satumba, ko'ina kore shar. Ka je a Maris ko Afrilu, lokacin bazara, ka leƙa rijiyoyi. Ka ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da ke aiki da waɗanda suka mutu. Ka tambayi 'yan garuwa nawa jarka a wannan lokacin. Ka lura da asuba ko yara suna tafiya makaranta ko suna layin ruwa.

Kada ka ce ai zan haƙa rijiyar burtsatse shi ke nan. Yawancin ƙasar Kaduna da Kano da kudancin Katsina da Zamfara tana zaune ne a kan dutse, ruwa kuma yana maƙale a tsaguwar dutsen. Maƙwabcinka zai samu, kai ka haƙa kusa da shi ka tashi a tutar babu. A wasu sassan Gombe, kamar yankin Dukku, ruwa yana da zurfin da kuɗin haƙarsa zai iya cinye kuɗin gini. Ka biya masu awon ƙasa su duba kafin ka sayi filin, ba bayan ka saya ba. In an samu ruwan, a kai shi ɗakin gwaji. Inda ka ga haƙoran yaran gari sun yi dabbare-dabbare, ruwan wurin yana da sinadarin da ya wuce kima. Inda ake daka duwatsun zinariya kuwa ka yi nesa da shi, domin gubar dalma daga irin wannan aiki ce ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010.

Yawan ruwan ma masifa ce. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje a garuruwan bakin kogin Haɗeja, irin su Ringim da Auyo da Kafin Hausa, kuma ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ta nutsar da babban sashe na Maiduguri. Ka duba jikin katangu ko akwai layin da ruwa ya bari. Ka tambayi dattawa inda ruwa ya tsaya a shekarar da ta fi muni. Fadama wurin noma ce, gida kuwa a kan tudu ake yinsa.

HANYA, WUTA, WAYA DA KUƊI

Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, nisa ya zama kuɗi. Abin da ka rage a cefane yana iya tafiya a kuɗin mota, musamman a shekarun da za ka riƙa zirga-zirga tsakanin Kaduna da gida, kana riƙe da tukunya biyu. Ka rubuta wannan lissafin a takarda. Ka bi hanyar da damina, ka ga ko akwai rafin da yake raba garin da duniya idan ya kawo, ko gadar da ake jiran ta karye.

Ganin turakun lantarki bai nuna akwai wuta ba. Akwai garuruwan da na'urar rarraba wutarsu ta lalace shekaru ba a gyara ba. Ka sa kuɗin sola a cikin kuɗin gini tun farko, wadda za ta ɗauki fitilu, fanka, firji da injin jan ruwa. Ka gwada layukan waya a cikin filin da kake son saye, har da intanet, domin saƙon fansho da hulɗar banki duk ta waya suke zuwa yanzu. Ƙananan hukumomi da dama ba su da reshen banki ko ɗaya, sai masu POS, kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna yadda mutanen karkara ke jigata idan harkar POS ta tsaya. Ɗan fansho yana da tantancewa da gyaran takardu lokaci-lokaci, sai ka san ina za ka je kuma nawa zai ci.

MAKARANTA DA UWARGIDA

Yaron da ya shiga aji biyu ko uku na babbar sakandare kada a tumɓuke shi, a bar shi ya rubuta WAEC da NECO inda ya saba, ko da a gidan ɗan'uwa zai zauna. Ga ƙanana kuwa, ka ziyarci makarantar ranar karatu ba tare da sanarwa ba. Ka ƙirga malaman da ke cikin aji, ka ɗauki littafin wani ɗan aji huɗu ka ga ko yana iya karantawa. Ka tambaya ina 'yan matan garin ke zuwa bayan firamare, da nisan cibiyar rubuta JAMB. Ka duba Islamiyya ita ma.

Maganar uwargida kuwa ita ce mafi yawan maza ke tsallakewa, kuma ita ke rusa shirin. Kai za ka fita gona da masallaci da majalisa, ita ce za ta yini da rashin ruwa, da itacen girki, da dangin miji, nesa da ƙawayenta da masu sayen kayan sana'arta. Idan tana ɗinki ko kasuwanci ko koyarwa, ka tambayi kanka ko sana'ar za ta rayu a can. Ka tafi da ita ta ga wurin da idonta, ta zauna da matan gari ba tare da kai ba. Abin da za su faɗa mata game da haihuwa da ruwa da halin mutanen unguwa, ba za ka taɓa jin sa a bakin maza ba. Idan ta ce hankalinta bai kwanta ba, ka ɗauki maganar da nauyi.

ƘASA DA TAKARDUNTA

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya, gwamna kuma ke ba da babbar takardar shaidar mallaka, ta hannun hukumomi irin su KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano. Yankin Abuja dabam yake: ministan yankin ne kaɗai ke da ikon raba ƙasa a can, saboda haka takardar wani basarake a ƙauyukan yankin ba za ta kare ka ba ranar rusau.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka taka iyakokin huɗu da ƙafarka tare da maƙwabtan gonar. A rubuta ciniki gaban mai unguwa da dagaci, hakimi ya sa hannu, shaidu su sa, sannan mai awo ya fitar da taswira a kafa duwatsun iyaka. Ka tabbatar mai sayarwa mai ita ne, ba aro ko jingina yake riƙe da ita ba. Idan gado ce, kowane magaji ya amince a rubuce, har mata da waɗanda ke nesa. Ka bincika kada filin ya ci burtali ko makiyaya ko mashaya, domin wanda ya toshe hanyar shanu ya sayi rigima ta har abada.

Gonar gadonku ma tana bukatar wannan taka-tsantsan. Idan ba a raba ba, kada ka ɗora bulo ko ɗaya. Wataƙila ƙaninka ko ɗan baffanka ya shekara ashirin yana nomanta yana ci da iyalinsa, dawowarka kuwa tana nufin ragin abincinsa. A kira malami ko a je gaban alƙali a raba, kowa ya san nasa, tun ana dariya da juna.

GONA BA TA MAYE GURBIN ALBASHI NAN TAKE

Ka duba ƙasar kamar manomi. Inda ƙuduji ya yi yawa a gonar dawa ko masara, ƙasar ta gaji, za ta ci taki kafin ta biya. Fako da wurin da zaizaya ta fara ci sai da aiki mai yawa. Damina tana raguwa yayin da kake yin arewa: abin da masara ke samu a Saminaka ko Giwa ba ta samun sa a Daura, inda gero da wake da riɗi suka fi dacewa. Wuraren noman rani, kamar Kura da Bunkure da Garun Malam da ke shan ruwan madatsar Tiga, suna ba da noma fiye da sau ɗaya a shekara, shi ya sa ƙasarsu ke da tsada. Kusanci da kasuwar mako mai ci shi ma dukiya ne, musamman ga mai kiwo: Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, Ɗambatta ranar Lahadi.

Ka fara da kadada ɗaya ko biyu, da 'yan tumaki, tun albashi yana iya ɗaukar asara. Ka rubuta kowace naira ta taki da iri da feshi da ƙwadago. Wanda ya shekara talatin a ofis ba da ƙarfinsa zai yi noma ba, da aljihunsa zai yi, kuma noman aike ya cinye jarin mutane da yawa. Damina biyu za su nuna maka gaskiyar abin da gonar ke iya kawowa. Burinka na farko ta cika rumbun gida, riba ta biyo baya.

TO, WANNE DAGA CIKIN UKUN?

Ƙauyenku yana da dangi da mutunci da masu tsaya maka ranar rashin lafiya. Yana kuma da nauyi, domin duk mai haihuwa da mai jinya da mai neman kuɗin taki ƙofarka zai nufa, alhali samunka ya ragu. Garin da ba naka ba ya rage maka wannan, amma baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma sai ka bincika tarihin zaman lafiyar wurin tsakanin ƙabilu da addinai da manoma da makiyaya. 'Ya'yanka ma takardar asalin ƙaramar hukumarku za su ci gaba da nema wajen karatu da aiki.

Ga mai iyali irin naka, abin da ya fi dacewa shi ne matsakaicin gari: hedikwatar ƙaramar hukuma ko garin hakimi da ke kan kwalta, mai babban asibiti da sakandare da kasuwa da ofishin 'yan sanda, gona kuma tana ɗan nesa kaɗan inda babur zai kai ka cikin 'yan mintoci. Idan akwai irin wannan gari kusa da ƙauyenku, shi ne zaɓin farko. Kana kusa da dangi da gonarka, amma gidanka naka ne.

YADDA ZA KA RABA SHEKARU HUƊUN

Shekarar farko ta bincike ce. Ka ware wurare biyu ko uku, ka ziyarci kowanne da bazara da tsakiyar damina, ka kwana, ka yi sallar asuba da su, ka ci kasuwarsu. A shekara ta biyu ka kama hayar gida a wanda ya fi kwanta maka, iyali su yi dogon hutu a can, kai kuma ka yi noman gwaji a gonar haya. Sai a shekara ta uku, idan komai ya yi daidai, ka sayi fili ka yi gini daidai ƙarfinka: ɗakuna kaɗan, ban-ɗaki a ciki, ba bene, da wurin ƙari nan gaba. A ta huɗu iyali su tare, a ƙarshen zangon karatu, yara su fara sabon aji a can.

Gidan Kaduna kuwa kada ka sayar. Ka sa 'yan haya. Kuɗin hayar zai zame maka fansho na biyu, gidan kuma masauki ne ga yara masu karatu, kuma mafaka idan tsaro ya taɓarɓare ko jinya ta yi tsawo. Wanda ya sayar da gidan birni da wuya ya sake iya sayen irinsa. Ka kuma je wurin kamfanin da ke riƙe da asusun fanshonka yanzu, ka ga abin da ya taru, ka gyara duk wani saɓanin suna ko ranar haihuwa, su ƙiyasta maka abin da za ka riƙa samu a wata. Haƙƙin ritaya yakan yi jinkirin watanni, wani lokaci fiye da shekara, saboda haka ka tanadi abincin shekara guda da kuɗin magani da na makaranta kafin albashin ƙarshe.

A makon nan ka zauna da maiɗakinka da manyan 'ya'yanka, ku rubuta sunayen garuruwan a takarda, ku bi su da tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Duk garin da ya faɗi a tsaro ko asibiti ku soke shi, komai arahar ƙasarsa da daɗin tarihinsa. Wanda ya rage ka yi istihara a kansa, ka nemi shawarar waɗanda suka riga ka komawa. Allah Ya sa ka gama aiki lafiya, Ya zaɓa muku mafi alheri.